Baba Direba Ya Amsa: Masu Shirin Farmin D, Ku Matso Kusa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tun da na taɓo maganar birki a fitowar da ta wuce saƙonni suka yi ta shigowa, kuma kusan duk abu ɗaya ake tambaya, wato farmin D na ɗaukar fasinja a nan Kamaru, wanda 'yan'uwanmu na tsallaken Najeriya ke cewa lasisi. Na zaɓi guda biyar da nake ganin amsarsu za ta ishi saura. Wasu na ɗan rage musu tsawo, masu su su yi haƙuri.

TAMBAYA: Baba ina yini. Ni yaron mota ne a Garwa, shekara 6 kenan ina bin ogana Garwa zuwa Ngawundare a kwasta. Ina da farmin B tun bara waccan, kuma wallahi in oga ya gaji ni yake ba motar in ja. Yanzu ina so in yi D in samu motar da zan riƙe. Me zan shirya, kuma wai dole ne sai na koma oto-ekol, makarantar koyon tuƙi, alhali na riga na iya tuƙi?
Ɗanka daga Garwa

AMSA: Lafiya lau ɗana, Allah ya yi albarka. Bari in fara da abin da ba ka tambaya ba don shi ya fi tsaya min a rai. Kwastar nan da oga yake miƙa maka, farmin da ke aljihunka bai kai ta ba. B na motar da nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba ne, kuma kujerunta ba su wuce 9 ba har da ta direba. Da zarar an wuce haka, ko hiyas ce mai 15, ko kwasta mai 30, ko babbar bas ta ajans, wato kamfanin jigilar fasinja, mai 70, to D ake nema, kuma sai mutum ya cika shekara 21. Ranar da Allah ya kawo tsautsayi kana kan sitiyari, jandarma zai rubuta cewa direba ba shi da farmin motar, masu asirans, wato inshora, kuma wannan layin suke fara dubawa, kaga kai da ogan duka kun shiga uku ga kuma haƙƙin mutane a wuya. Don haka ka gaya masa cikin ladabi ya bari har takardarka ta fito. In ya gaji ya faka ya yi barcin rabin awa, ba wanda zai mutu don an makara.

To maganar oto-ekol kam dole ne, don su ne ke haɗa dosiyenka, wato takardunka, su kai delegasiyon, ofishin ma'aikatar sufuri na yankinku, ta hannunsu sunanka ke shiga jerin masu zana jarrabawa. Amma kafin ka ba kowa ko dala ka tambaya a nuna maka takardar amincewar gwamnati, kuma ka tambaya kai tsaye, kuna da motar koyar da D? Don akwai masu allo a bakin titi da ƙaramar mota ɗaya tal, za su karɓi kuɗinka su ce ai ka iya, ranar jarrabawa kawai ka zo. Wannan ba makaranta ba ce. Takardun da za ka tanada su ne kofin katin ɗan ƙasa da aka buga wa hatimi, hotuna 4x4, takardar likita, kofin farminka na B, da takardar nema mai tambur, wato kan sarki. Kuɗin da za a biya hukuma ka je delegasiyon da ƙafarka ka ji, duk abin da ka biya kuma ka karɓi rasit. Sannan ka zauna ka duba rubutun sunanka harafi harafi, don mu nan arewa wannan ya sha ɓata wa mutane lokaci, a kati an rubuta Mohamadou a farmi an rubuta Mahamadou, ko ranar haihuwa ta sha bamban, sai ka ga dosiye ya dawo bayan ka gama sa rai.

Yanzu ga maganar "na riga na iya". Ni ma haka na ce. Shekara 7 na yi ina yaron mota kafin in je jarrabawar D, ina da tabbacin babu wanda zai koya min komai, kuma na faɗi a karon farko. Har yau ina ganin abin. Na shiga mota na tayar na ja, ban gyara kujera ba, ban taɓa madubi ba, ban waiwaya na ga ko ƙofar fasinja a rufe take ba. Mai jarrabawar yana gefe da takarda a cinya bai ce min uffan ba. Da muka zo ɗan hawa ya ce in tsaya in sake tashi, sai na riƙe motar da kuloci yadda na ga ana yi a tasha, ban ja birkin hannu ba, motar ta ɗan zame baya kamar taku ɗaya. Ya ce in faka. Da na sauko ya ce min abu ɗaya, wai da akwai mai moto a bayanka fa? Na yi kwana uku abinci ba ya min daɗi, amma mutumin nan gaskiya ya faɗa, kuma a Garwa yaushe ne babu mai moto a bayanka.

Abin da ke kayar da yaran mota ba rashin iya juya sitiyari ba ne, halayen da suka kwasa a tasha ne ba su ma san suna yi ba. Tuƙi da tafin hannu ɗaya ɗayan yana waje. Ɗora ƙafa a kan kuloci tun daga Garwa har Ngong. Yin oda maimakon sigina. Shiga kwana sannan a tuna da rage giya. To a oto-ekol aikinka shi ne ka kankare waɗannan, kuma ya fi wuya fiye da koyo daga farko, don hannu ya riga ya saba. Ka roƙi malaminka duk sanda ka yi ɗaya ya tsayar da kai nan take, kar ya ji nauyinka don ya ga kai ɗan tasha ne.

Ka saba da zagaya mota kafin ka hau, kullum, har ya zama kamar alwala kafin salla. Taya ka duba iska da tsagewa da kusoshi, har ta ciki a tayoyin baya masu biyu biyu, wadda kowa ke mantawa da ita. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 to an yi ta a sati na 23 na 2019, kaga ko zanenta da kyau ta tsufa, kuma zafin kwaltar watan Maris da Afrilu a nan ba ya raga wa tsohuwar taya. Ka duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki, ka leƙa ƙasa ko wani abu na ɗiga, fitilu gaba da baya, sigina, abin share gilashi, abin kashe gobara da ranar da ke jikinsa, akwatin magani, alamar kusurwa uku ta tsayawa, da hanyar fitar gaggawa kar a tare ta da buhu. In motar mai birkin iska ce ba a tashi sai allurar iska ta hau ƙarar gargaɗi ta ɗauke. Ranar jarrabawa kana yi kana faɗa da baki, don mai jarrabawa ba ya ganin abin da ke cikin kanka.

Sai tsawon mota. Tayar baya ba ta bin sawun ta gaba, tana yanke kwana ta ciki, shi ya sa a kwanar dama kake ɗan ƙara gaba kafin ka karya, idonka a madubin dama har tayar baya ta wuce. Gindin bas kuma yana fita ta ɗaya gefen, ya isa ya share mai tallan da ke tsaye. Ribas ka yi ta yi da madubi kaɗai, ka jera jarkoki a fili ka shiga tsakaninsu har sai ka daina taɓawa, don a tasha ka saba wani na bubbuga maka mota yana cewa zo zo zo, ran nan kuwa babu mai bubbuga maka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni karatun allo na yi, Faransancina na kasuwa ne, ina ji ina ɗan mayarwa amma karatu sai a hankali. Tuƙi ba ya ba ni tsoro, kod ɗin, wato jarrabawar dokokin hanya, shi ke hana ni barci. Ko in haƙura?
Ƙaninka daga Marwa

AMSA: Haba ƙanena, wanda ya haddace izu da tilawar asuba shi ne zai ji tsoron littafin kod? Kar ka haƙura. Amma ka san da Faransanci ko Turanci ake jarrabawar a Kamaru, tambaya ce a ba ka amsoshi ka zaɓa, don haka sai ka ba ta lokacinta, wata biyu ko uku kana zama kullum, ba sati ɗaya kafin ranar ba.

Sauƙin da Allah ya yi maka shi ne rabin kod hoto ne, kuma siffa da launi sun riga sun gaya maka rabin amsa. Kusurwa uku mai jan baki gargaɗi ne, akwai haɗari a gaba. Da'ira mai jan baki hani ne. Da'ira shuɗiya umarni ne, dole ka yi. Mai murabba'i shuɗiya bayani take ba ka. Kusurwa uku da aka kifa kanta ƙasa tana cewa ka ba wasu hanya. STOP mai kusurwa takwas kuma tsayawa ce cak, taya ta daina juyawa, ko da tsakar dare ne babu kowa. Mai kama da lu'ulu'u rawaya da farin baki tana nufin hanyarka ce babba. Layin da bai yanke ba a tsakiyar titi ba a taka shi don wuce wani. Ka samu kwali ka yanka ƙanana, ka zana alama a gaba ka rubuta ma'anarta da ajami a baya, ka zuba a aljihu, duk inda ka zauna jiran lodi ka fito da su.

Sannan akwai 'yan kalmomi da kusan kowace tambaya ke rataye a kansu, waɗannan kam sai idonka ya san su a rubuce yadda suke: interdit an hana, obligatoire dole, autorisé an yarda, je dois wajibi ne in yi, je peux ina iya yi, arrêt tsayawa ta ɗan lokaci kana kusa da motar kamar sauke fasinja, stationnement ajiye mota. Tsakanin je dois da je peux mutane da yawa suka faɗi, har waɗanda suka yi lise, wato sakandare, don sauri suke ba sa karantawa. Ka samu yaro ɗan makaranta a gida ya riƙa karanta maka tambaya da ƙarfi bayan isha'i, kai kuma kana bin rubutun da yatsa, ka amsa, sannan ka faɗi dalili da Hausa. In ba ka iya faɗin dalilin ba to ba ka gane ba tukuna, haddar A da B ba ta da amfani don ana juya tambayoyin.

Inda na fi so ka dage shi ne wa ke da hanya a mahaɗa. In babu alama babu fitila babu ɗan sanda, wanda ya fito ta hannun damanka shi ke wucewa, ko keke ne kai kana cikin bas. A titin Marwa na san mai babbar mota shi ke kutsawa, amma a takarda da gaban Allah ba haka ba ne. A rampuwan kuma, wato shataletale, ka duba bakin shiga, in akwai alamar ba da hanya to na ciki ne ke da hanya, ka jira. In ɗan sanda na tsaye yana ba da hannu, hannunsa ya shafe fitila da alama duka.

Lissafi ɗaya kuma ka riƙe. Kafin ido ya gani ƙafa ta kai birki ana ɗaukar kamar daƙiƙa 1, a gudun 90 kuwa cikin daƙiƙar nan mota ta ci mita 25, wato ta wuce tsawon kwasta uku a jere ba ka ma taɓa birki ba. In ka ninka gudu kuma, nisan da birki zai ci kafin mota ta tsaya ba ninki biyu ba ne, huɗu ne. Ka tuna da wannan duk sanda ka hango shanu a gefen hanyar Figil.

TAMBAYA: Baba akwai wani a unguwarmu ya ce in kawo kuɗi da hoto kawai zai fito min da D ba sai na zauna jarrabawa ba, ya ce duk direbobi haka suke yi. Ina da mata da yara biyu, wani Alhaji kuma ya yi min alkawarin hiyas in na kawo farmi kafin salla. Don Allah me ka gani?
Ɗanka daga Mokolo

AMSA: Ɗana na ji matsin da kake ciki kuma ban raina shi ba, na san mene ne a ce ga mota ga abinci amma takarda ta tsaya a tsakani. Amma kar ka yi. Ƙarya yake ba duk direbobi ba. Kuma abu biyu ne zai faru, ko dai ya kawo maka na jabu wanda ba ya cikin rajistar ma'aikata, ranar da aka bincika a kama ka da takardar bogi, wannan kuwa maganar kotu ce ba ta na goro a bakin hanya ba, shi kuma ba za ka sake ganinsa ba. Ko kuma ya kawo maka na gaske ta bayan gida, wannan ni ya fi ba ni tsoro, don babu mai tsayar da kai, za ka ɗebi mutum 15 ka hau hanya da ilimin da ba ka da shi.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa nake zafi a kan wannan. Ina yaron mota, wata rana muka taso daga Ngawundare da yamma mota cike, kaya a sama an ɗaure har sun yi tozo. Direban ranar ba ogana ba ne, wani ne aka ba, kuma kowa a tasha ya san yadda ya samu takardarsa. Da muka fara gangaren falez, wato dutsen nan mai tsananin gangara, kafin a kai Mbe sai na ji injin ya yi shiru, ya sa ta a firi, wato ya cire giya, wai yana tattalin mai. Ya riƙa taka birki yana saki yana takawa, kwana bayan kwana. Can sai wari ya fara shigowa, irin na ƙonannen ƙarfe da roba, na leƙa ta taga na ga hayaƙi na fita daga tayar gaba. Na ga ƙafarsa ta tafi har ƙasa motar ba ta rage ba. Yana ta kokawa da giya tana kurrr ta ƙi shiga don gudu ya riga ya yi yawa. Wata tsohuwa a bayana ta damƙe min riga tana salati, har yau in na tuna ina jin yatsunta a kafaɗata. Allah ya sa akwai ɗan wuri da hanya ta miƙe, ya goga gefen motar a jikin tudu har ta lafa, na dira da waigi, itacen tare mota, na cusa a taya hannuna na rawa. Ba wanda ya mutu, amma wata yarinya ta karye a hannu, kuma mutumin nan da ya sauko zama ya yi a ƙasa yana kuka yana cewa shi bai san birki na ƙarewa ba.

Bai sani ba ɗin ne da gaske. Abin da ke cikin darasin D ne, wanda za a tambaye ka. Birki gogayya ce, gogayya zafi take haifarwa, in ka jima kana takawa a gangare da mota mai nauyi sai ya yi zafin da ba ya kamawa, man birkin ma yana iya tafasa feda ta zama kamar ka taka soso. A mai birkin iska kuma yawan taka-saki yana zubar da iskar tanki. Maganinsa tun a saman gangare ake yi, ka rage gudu ka sa ƙaramar giya, wadda da ita za ka hau tudun in da hawa kake, ka bar injin ya riƙe motar, in akwai birkin salansa, wanda ke taya injin riƙe mota, ka kunna, birkin ƙafa ka taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci ka sake shi ya huce. Ba a firi, ba a kashe inji, don in inji ya mutu birki da sitiyari duk tauri suke yi. Kayan sama kuma suna ɗaga nauyin mota, shi ya sa hiyas mai tozo ke kifewa a kwanar da marar kaya za ta wuce lafiya. Duk wannan bai fi zaman kwana biyu a aji ba, shi ne mutumin can ya biya kuɗi don ya tsallake.

Kuma direban fasinja ba tuƙi kaɗai aka ba shi ba, har da abin da ake loda masa. Mu nan mun saba da zuwa-zuwa, man fetur na bayan fage da ake sayarwa a jarka, har ba ma ganinsa a matsayin wuta, fasinja zai zo da jarka biyu ya ce a tura ƙarƙashin kujera. Ka tuna abin da ya faru a falez ɗin Dschang a watan Janairun 2021, bas ta haɗu da motar da ke ɗauke da mai, wuta ta tashi, mutum sama da 50 suka rasu. Wanda ya zauna aji an nuna masa dalili shi ke iya kallon fasinja ko ma mai mota ya ce wannan jarkar ba za ta shiga ba.

Ka je wajen Alhaji ka gaya masa gaskiya, ka ce kana son ka yi ta hanya kuma ga lokacin da za ta ɗauka. Mai hankali zai fi son haka don motarsa ce da kuɗinsa. In ma zai taimaka ya biya maka oto-ekol a riƙa cirewa a aikinka, ana yin haka sosai. In ya ce shi ba zai jira ba, to ka riƙe ƙaramar mota da B ɗinka kafin nan, taksi ma ai B ne da takardar kapasite, wato shaidar ƙwarewar ɗaukar fasinja. Ka rubuto min in ka yi rajista, ina so in ji.

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa. Maigidana ne ke shirin D, amma na lura da magariba ba ya gane mutum sai ya matso, in fitila ta haske shi kuma sai ya yi ta murza ido. Ya ce zai sa a rubuto masa takardar likita ba sai ya je ba. Kuma abokansa na ba shi tiramol wai don kar ya yi barci. Ina tsoron in yi magana ya ce na raina shi.
'Yarki daga Gidar

AMSA: 'Yata Allah ya saka miki, kin yi abin da ya dace da kika tambaya. Takardar likitan nan ba ado ba ce, an sa ta ne saboda ido da kunne da hawan jini da ciwon suga da farfaɗiya, kuma ko bayan an samu farmin akan koma wajen likita lokacin sabuntawa. Abin da kika kwatanta sau da yawa tabarau ne kawai maganinsa, wani lokacin kuma yanar ido ce wadda ake cirewa a asibiti mutum ya koma aikinsa, wani lokacin suga ne ke taɓa idon, shi kuwa gara a gano da wuri. Sa tabarau ba ya hana mutum D. Abin da ke hana shi shi ne ya hau hanya lokacin hazo, Disamba zuwa Fabrairu, ga ƙura ga motocin auduga ga amalanke babu fitila, shi kuma yana lalube.

Tiramol kuwa maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin masu sa maye, ba ya hana barci sai dai ya hana mutum jin gajiyar da ke jikinsa, ya rage masa saurin hankali, in ya yi yawa har jijjiga yake kawowa irin ta farfaɗiya, kuma jiki na kamuwa da shi. Na binne abokan aiki saboda shi, ba zan ɓoye miki ba. Barci ba shi da magani sai barci.

Yadda za ki yi magana, kar ki fara da idonka ya lalace. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki ce kina so ya je a duba shi don hankalinki ya kwanta in ya yi tafiyar dare, ki ce ke ma za ki bi shi a duba naki. In kin ga ba zai ji daga bakinki ba ki samu yayansa ko kawunsa ko limamin unguwa, wanda yake jin nauyi, a sirrance. Ko ki ajiye masa wannan shafin inda zai gani.

TAMBAYA: Kawu, ni a Kuseri nake, in na samu D na Kamaru zan iya kai fasinja Njamena da shi ko sai na yi na Cadi?
Ɗanka daga Kuseri

AMSA: Kamaru da Cadi duk suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, su shida ne da Gabon da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, kuma suna da dokar hanya ta bai ɗaya tun 2001, don haka rukunin farmi da alamomin da ka karanta su ne dai a tsallaken gadar Ngeli da ke haɗa Kuseri da Njamena. Abin da aka fi tsayar da mutane a kansa takardun mota ne, kat giriz wato takardar rajistar mota, bizit teknik wato takardar duba lafiyar mota da ba ta ƙare ba, asirans tare da kat roz ta CEMAC wadda ita ce ke rufe ka a ƙasar maƙwabta, sai izinin jigilar fasinja, don farmi na direba ne izinin jigila kuma na mota ne, kar ka haɗa su. Ka shiga sandika, wato ƙungiyar direbobi ta tasharku, ka ji yadda suka tsara lodi da 'yan'uwansu na can kafin ka ɗauki ko mutum ɗaya.

Kuma tunda kai ma jarrabawar ce a gabanka, daren ranar kar ka yi hira har sha biyu, ka karya da safe, ka je da katin ɗan ƙasarka na asali ba kofi ba, da biro biyu, ka isa wurin da wuri ka nemi sunanka a jerin da aka liƙa. Takalmi ka sa mai rufe ƙafa, silifas na zamewa a kan feda. In ka shiga mota ka yi bismilla, kujera, madubi, bel, ƙofa, sannan makulli. In mota ta mutu maka kar ka rikice, ja birkin hannu, mayar da giya, sake tayarwa, duba madubi ka ci gaba.

Masu tambaya kan farmin C na manyan motocin kaya da na tirela, na ga saƙonninku, naku sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.